Mai Saƙar Kujera a Tsibirin Westray

Ranar Talata ce, ina saƙa bayan kujera,
karan hatsi a hagu, igiya a dama,
sai allura ta zame daga yatsuna
ban ma ji tafiyarta ba.
Na ce sanyi ne. A tsibirin nan
komai sanyi muke ɗora wa laifi,
har mantuwa, har faɗan miji da mata.

Bayan wata biyar idon dama ya dushe.
Jan kwalekwalen Erlend ya koma ruwan toka.
Likita Harcus, da ta karɓi haihuwata sau biyu,
ta ƙwanƙwasa gwiwata da 'yar guduma,
ta ja makulli a tafin ƙafata,
babban yatsa ya ɗaga kai sama.
Ta daɗe tana kallonsa.
"Elspeth, kayan nan sun fi ƙarfin wuyana.
Zan nemo masu taya ni ɗauka."

Jirgin ruwa zuwa Kirkwall, na sama zuwa Aberdeen.
Aka zura ni cikin bututun hoto
mai ƙara kamar maƙera sun yi sammako.
Aka ɗebi ruwa a gadon bayana,
garau, kamar bai san komai ba.
Jini kwalba shida, don a sallami cututtukan
da ke yawo da irin wannan fuska.

Likita Nowicki ya juyo mini da allon:
fararen ɗigo a ƙwaƙwalwata,
tumaki warwatse a tudu da magariba.
"Wannan tsoho ne. Wannan na bana.
Wuri ba ɗaya ba, lokaci ba ɗaya ba.
Sunanta Em-Es.
Jijiya waya ce mai riga,
masu gadin jikinki ne suka kasa gane ta
suke yagar rigar."
Na ce, za ta warke?
Bai yi mini zaƙin baki ba. "A'a.
Amma ana taka mata birki."

Kukan sai a jirgin dawowa,
inda iska ke ɗaukar laifin jan ido.

Juma'a suka taru a kaina, fuska huɗu a allo,
ni da Erlend a kicin, shayi na hucewa.
Nowicki na son ƙarin ruwa a Aberdeen duk wata.
Harcus ta ce, "Ka taɓa ganin tekun nan a Janairu?"
Suka ja, suka ja.
Morag, nas ɗin, ta katse su:
"Mai jikin tana zaune. Ku tambaye ta."
Shiru.
Na ce ina son abin da zai bar ni kusa da karana.
Aka tsaya a kan allurar da zan yi wa kaina.

Yanzu magani na zuwa a akwatin ƙanƙara
tare da wasiƙu da abincin kaji.
Callum mai gashin ƙashi ya hana ni wanka da ruwa mai zafi sosai,
ya koya mini tsayuwa da ƙafa ɗaya kamar zalɓe.
Wata Isla ta naɗe wa allurata kauri
har yatsa ya san yana riƙe da abu.
Erlend na rubuta gajiyata a littafin cikar teku da janyewarsa,
Morag na karantawa ta waya.
Ran da ƙafa ta ƙi, ita ta ce a auna fitsari tukuna:
ashe zazzaɓi ne ya tono tsohon miki.

Ba kullum nake gode musu ba.
Akwai safiyar da nake kife wayar.

Kujerar da ke cin mako uku
yanzu bakwai take ci.
Ta jiya, layi na tara ya ɗan karkace.
Erlend ya ce in warware.
Na bar shi.
Mai saye ta zauna, ta jingina,
ta ce iska ba ta shiga ta ko'ina.