Taƙi Ɗaya da Yatsa Biyu

A Harra, gabas da Safawi,
inda dutse ya yi aman wuta tun ba a raɗa wa kowa suna ba,
wutar ta malala, ta huce, ta farfashe baƙi ƙirin,
nan muka sauke Mufaddi, mahaifina, da hantsi.

Awwad ya ɗaga diga.
Saran farko, ƙasa ta karɓa.
Na biyu, ta karɓa da ƙyar.
Na uku, ƙarfe ya yi ƙara, tartsatsi ya tashi,
kafaɗarsa ta amsa har wuya.
Na durƙusa na auna da hannuna:
taƙi ɗaya da yatsa biyu.
Iyakar ƙasar ke nan.
Sauran falalen dutse ne, kurma, ba ya jin magiya.

Muka matsa taku goma. Haka.
Muka zaga bayan tudu. Ko taƙin bai cika ba.

Sai na tuna ma'aikacin da ya zo daga Amman
shekarar da tumaki suka ci kwali don yunwa,
da ƙarfensa mai murɗawa, da ɗan littafi.
Ya huda nan, ya huda can, ya kakkaɓe wando,
ya ce wannan ai ba ƙasa ba ce,
ƙura ce dare ya yi mata a kan dutse.
Baba bai yi musu ba. Ya zuba masa gahawa.
Da ya shanye, ya ja shi bakin wani dutse
mai girman kan rago, ya mirgine shi da ƙafa.
Ga danshi. Ga irin ciyawa kwance yana jira.
Ga kunama ta ɗaga ƙari tana neman ba'asi.
"Murfi ne," in ji Baba.
"Tukunyarmu ba ta da zurfi,
shi ya sa ba ma barin ta a buɗe."
Ya mayar da dutsen yadda ya same shi.

Gaskiya ce, ba ta da yawa.
Takalmi ba ya shekara a nan,
kofaton tunkiya ma sai ya tsage.
Amma ruwa ɗaya ya sauka cikin sanyi,
ka ƙirga kwana tara:
kore zai leƙo daga kowace tsaga,
siriri kamar gashin jinjiri,
tumaki na cusa baki, leɓe na jini, ciki na cika.
Mako uku, huɗu in an yi sa'a.
Da wannan ya aurar da mu biyar.

Awwad ya share gumi ya ce, "A ɗauko mota.
Azraƙ ƙasa na da laushi, a gama kafin la'asar."
Muka aika yaro tanti wajen Wadha, mahaifiyarmu.
Ya dawo yana haki da amsarta:
"Bai taɓa kwana a wuri mai laushi ba.
Kada ku fara masa yau."

To, abin da ya ƙi tonuwa ƙasa, sai a gina shi sama.
Muka kwantar da shi a ɗan ramin,
fuskarsa kudu, wajen alƙibla.
Muka bazu, maza goma sha ɗaya,
kowa na yakuto ƙasa daga tsakanin duwatsu
yana tarawa a bakin riga
kamar masu roƙon gari gida-gida.
Ta rufe shi. Da ƙyar, amma ta rufe.

Sannan duwatsu, manya a gindi saboda kura,
ƙanana a sama, har ya kai mini ƙugu.
Na ƙarshe da na ɗago, gindinsa da sanyi,
wata farar saiwa manne da shi.
Na ɗora shi a hankali, danshin na kallon ƙasa.

Kafin in juya, na tsaya
na ƙwaƙule abin da ya maƙale a farcena,
na zuba a tsagar dutsen.
A nan ko wannan ba a tafiya da ita.