Kundin Kurakurai

A bayan siton ƙungiyar manoma, a Auyo,
inda buhunan shinkafa ke jingine da juna kamar masu gyangyaɗi,
nan muka ɗaure uwar garke:
baƙin akwati mai koren ido guda,
da rana ta sha sola, da dare ta tsotsi batir.
Ni ne makiyayinta.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai bin sawu ne.
Yakan durƙusa a kan yashi da sassafe,
ya ce: awaki uku, ɗaya na ɗingishi,
wanda ya kora su sauri yake, takalminsa ya tsinke.
Ban gaji idonsa ba, durƙuson na gada.
Bayan asuba nakan buɗe allo
in bi sawun daren jiya, layi bayan layi.

Na'ura ba ta ɓoye laifinta.
Duk tuntuɓen da ta yi sai ta rubuta,
da ranarsa, da sa'arsa, har daƙiƙa,
abin da ni ban taɓa iya yi wa kaina ba.

Ga ɗari biyar: cikinta ne ya murɗa,
batir ya yi ƙasa ƙarfe uku saura.
Ga baƙo daga ƙasar da ban iya kiran sunanta,
ya ƙwanƙwasa ƙofa sau dubu a minti guda
yana lalube kamar ɓera a gindin rumbu.
Na toshe ramin. Gobe zai haƙa wani.
Ma'ajiya ta kusa cika,
sai in kwashe tsofaffin shafuka, in ɗaure dami-dami,
na kusa in jingine, na nesa in sheƙe.

Amma akwai layin da ya hana ni shan koko.
Ɗari huɗu da huɗu: ba a samu ba.
Ƙarfe biyu da minti sha ɗaya na dare.
Washegari haka. Daren da ya biyo ma haka.
Dare sha tara, waya ɗaya, shafi ɗaya ake nema,
mai lamba ɗari biyu da sittin da uku.

Na kakkaɓe tsohuwar rajista mai bangon kwali.
Mati Ɗan'azumi, kadada ɗaya da rabi, bakin magudana.
Ya rasu bayan girbi.
Ni na goge shi, da yatsa ɗaya, wata Laraba,
don lissafin taki ya zauna daidai.

Na hau keke, na bi lambar wayar har Gamsarka.
Gwaggo Tasalla na tsince tsakuwa a faifai.
Ta ce jikanta ne ya saita mata kafin ya koma makaranta:
ki danna nan, Baba zai fito.
Hoton ranar rajista ne,
hula a karkace, ido a runtse saboda rana.
Mati bai bar wani hoton a duniya ba.
"In barci ya ƙi, nakan danna," in ji ta.
"Kwanan nan sai wasu lambobi nake gani.
Ko fushi ya yi?"

Ban ce uffan ba. Na shanye ruwan da ta ba ni.

Da yamma na kwance damin watan jiya,
Allah ya sa ban sheƙe shi ba.
Na dawo da Mati.
Ban sa shi a layin masu karɓar taki ba,
ɗaki na yi masa, shi kaɗai, na bar ƙofa a buɗe.

Yau da asuba na sake durƙusawa.
Ɓeran ya dawo, batir ya sake gazawa,
kundi ya cika da kokensa na kullum.
Na gangara neman ƙarfe biyu da sha ɗaya.
Wayam.

Baba yakan ce, ba a bin sawun abin da ya kwana a gida.
Na rufe allo.
Kokona ya huce, na sha shi a haka.