Wuya Kaɗai

A Lewistown, ranar Talata,
ƙanƙara ta binne rabin tayar mota,
na shiga shagon Orrin Baskett
da gwangwanin kofi a hammata.
Ba kofi a ciki. Kwanson harsashi ne,
ɗari da goma sha bakwai, na tagulla,
da Baba ya yi shekara talatin yana tsincewa
a gindin duwatsun Judith.
Bai taɓa bar wa ciyawa ko ɗaya ba.

Orrin ya juye su a kan kanta,
ya kai ɗaya kusa da fitila,
ya murza shi kamar mai tayin zobe.
Ya ce, "Dagny, mazubi iri biyu gare ni.
Wanne ya fito da ke cikin wannan sanyi?"
Na ce ni dai na zo.

Ya ajiye ƙarfe biyu masu zare,
kowanne bai wuce babban yatsa ba.
"Wannan yakan matse kwanso tun daga kafaɗa har gindi,
ya mai da shi kamar ranar da aka ƙera shi,
ya shiga kowace bindiga mai baki irin nasa.
Wancan kuwa wuya kaɗai yake taɓawa.
Kwanso in ya sha wuta sau ɗaya
yakan kumbura, ya ɗauki siffar ɗakin da ya kwana.
Ki bar masa siffar, ba ya zama daidai
sai a bindigar Halvor."

Rabona da jin sunan a bakin wani
tun ranar da muka dawo daga maƙabarta.

Na ce a ba ni na wuya.
Na riga na zaro kuɗi.
Orrin ya sosa gemu, bai karɓa ba.
"Arne fa? Na ji tasa ma bakinsu ɗaya."
Arne yana Spokane. Tun kaka ba mu yi magana ba,
tun da takarda ta ce bindiga tawa ce,
shi kuma agogo da tsohon sirdi.

"Kuma ki sani," in ji shi,
"mai matse wuya kaɗai, sau huɗu, sau biyar,
wata rana a kan dutse, yatsu sun sandare,
barewa na tsaye tana kallonki,
sakata za ta ƙi rufuwa.
Tagulla ma in ta daɗe da kumburi
ɗakinta yakan yi mata kaɗan."

Na sayi duka biyun. Ya ƙara mini man shafawa
a ɗan kwalba, bai sa a lissafi ba.

Da dare, a rumfar Baba,
inda tabaransa ke rataye a ƙusa har yau,
na ɗaura mazubin farko, na ja hannun matsi.
Ya yi ƙara irin ta ƙofar da aka manta da ita.
Hamsin da takwas na matse har gindi,
na zuba a kwali, na rubuta Spokane.
Hamsin da takwas na taɓa wuyansu kawai.

Saura ɗaya, mai tsagar gashi a baki,
wanda ba mazubin da zai karɓe shi.
Yana aljihun rigar sanyina.
In na nemi makulli, shi nake fara tarawa.