Tsingaro

Malam Sidi ya ce mana yau a Kongo,
alli na karyewa a hannunsa:
a Atina ta Girka, tun kafin Annabi Isa,
gari guda ƙasa ce, da dokarta da kuɗinta,
ba sarki, ba galadima,
sai maza a kan tudu suna ɗaga hannu.

Wanda ya yi nawa a kasuwa,
da igiya mai jan rini ake koro shi taro;
in ta shafi rigarsa, sai tara.
Muka yi dariya.
Bulus ya ce a aro mana ita ranar zaɓe.

Muƙami kuwa kamar kwasar adashi:
bana maƙeri, baɗi majemi.
Mai dogon zance a gaban shari'a
tulu ake huda masa, ruwa na ɗiga;
ruwa ya ƙare, bakinka ya mutu.

Sai ni ma na ɗaga hannu.
Malam, mata fa?
Suna ɗaka, suna saƙa.
Bayi fa? Suna rami, suna haƙar azurfa.
To baƙon da ya yi furfura a garin?
Haraji nasa, yaƙi nasa,
amma ko taƙi ɗaya na ƙasa ba nasa ba.

Kakana Ndagi ya biyo dogo daga Baro,
shekara arba'in yana ɗaure ƙarfe a tashar jirgi.
Ƙasar Sabon Gari ce ta rufe shi.
Makon jiya a sakatariya
ma'aikaci ya juya takardata baya da gaba,
ya ce, 'yar ina?
Na ce, nan aka binne cibiyata.
Ya ce, ba cibiya na tambaya ba, asali.

Na biyo ta Ƙofar Doka da la'asar.
Ganuwa ta zaizaye, awaki na kiwo a bayanta,
yara na tsallake ta da ƙafa ɗaya.
Wadda ke cikin fayil ce ruwa bai ci ba.

Ina shiga gida randar Inna ta suɓuce.
Tana salati, ni ina tsintar tsingaro.
A kan irinsa, in ji Malam, suke karta suna
na wanda ya fi ƙarfin gari,
a ƙirga, a sallame shi shekara goma.

Na nemo ƙusa.
Na tuna ma'aikacin nan, na tuna kansilanmu
da rijiyar da ya haƙa da baki.
Na daɗe ina juya shi a tafina.

Sunana na karta: Hajara Ndagi.
Na tona gindin bedi na binne.
In masu tono sun zo bayan shekara dubu biyu,
su kakkaɓe, su karanta, su ce:
wannan 'yar gari ce.
Ai ba a ɓata tsingaro a kan baƙo.