Tambaya ta Arba'in da Bakwai

Morwenna ta taso daga Cornwall da jakar tambayoyi,
ɗari uku da ashirin, kowace da gurbinta,
ta sauka Halifax ana yayyafi.

Ta arba'in da bakwai:
siririn lungun nan da ke ratsawa tsakanin gidaje,
me kuke ce masa a nan?

Tsoho Barraclough ya harari na'urar ɗaukar murya
kamar ɗan sanda ne ya yi sallama.
Ya gyara wuyan riga,
ya miƙa mata kalmar littafi, irin ta masu karanta labarai.
Ta rubuta. Ta kashe na'ura.
Sai karensa ya kufce,
ya daka masa tsawa: Fito min daga ginel ɗin nan!
Alƙalami kuwa ya riga ya koma jaka.

Edna ta leƙo daga kicin, hannunta duk gari:
Wannan ai sinikit ne.
Ginel rufi gare shi.
Shi ya ce rufi bai shigo zancen ba,
daɓen dutse ake dubawa.
Shekara hamsin da ɗaya da aure
ba su shirya kan lungun bayan gidansu ba,
ga baƙuwa an aiko ta da gurbi ɗaya
da bai fi faɗin farce ba.

A Derby jiti aka ce mata,
sai daga baya ta ji mai maganar ɗan Leicester ne,
aikin jirgin ƙasa ya kawo shi, da kalmar cikin kayansa.
Jikar Edna ta ɗaga kafaɗa:
ita dai ta nan take yanke zuwa makaranta.

Da dare ta shimfiɗa taswira bisa gado,
jan ɗigo, shuɗin ɗigo,
tana neman inda za ta ja iyaka.
Kakarta a Penzance op take cewa,
amma nata lungun gangarawa yake zuwa teku
yana ƙarnin kifi.
Shi da na Edna, mudu ɗaya zai auna su?

Da safe, kafin jirgi,
ta bi ta lungun da ƙafarta.
Taku goma sha ɗaya ƙarƙashin benen wani, a bushe.
A na sha biyu
ruwa ya sauka mata a ƙeya.

Ta tsaya nan, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje,
takardar tana jiƙewa.