Mai Saukar da Alloli

Shekara ashirin da uku ina bayan rumfar wasa a Torikos,
inda idon ƴan kallo ba ya kaiwa.
Igiya ta mai da tafin hannuna ƙirgi.
Aikina ɗaya ne: in labari ya sarƙe,
in mai baiti ya ƙulla abin da ya fi ƙarfin farcensa,
sai a ƙyafta min ido,
in ja, gungume ya yi kuka,
wani ƙato mai fuskar aro ya sauko daga sama
ya kashe gardama da kalma goma.

Ni na san nauyin alloli.
Na bara Dorkiyon ne, mai warin tafarnuwa,
yana reto bisa kan masu makoki,
yana raɗa min ashar don igiya ta matse masa mara.

Tsoho Simalos, wanda ya koya wa rabin gari ƙirga ƙafar baiti,
ya taɓa zama gefena yana tsotsar ɓaure.
Ya ce: Labari igiya ne, kai ka fi kowa sani.
Abin da hannu ya ƙulla, hannu ke kwancewa,
wanda ya kawo wuƙa ya faɗi, ko an yi masa tafi.
Kada abu ya bi bayan abu kawai
kamar awaki a hanyar rijiya,
ya fito daga cikinsa, kamar hayaƙi daga ɗanyen ice.
Kada ka kayar min da mugu, wannan biyan bashi ne.
Kada ka tattake marar aibi, zuciya ce za ta tashi.
Ba ni mutum irinmu, wanda ya ɗan ɗara mu tsayi,
ya ɗana kibiya da kyakkyawar niyya,
ta kauce da faɗin yatsa.

Na ce: To ni in ci me?
Ya yi dariya har ɓauren ya shaƙe shi.

Bana wani yaro, Telesiyas, ya kawo wasansa.
Sarki ne ya sa a kashe fitilar gaɓa
don kada jirgin maƙiya ya ga mashiga.
Da asuba manzo ya shigo a guje da albishir:
dutse ya cinye jirgi, babu wanda ya tsira,
ga ma mayafin da ruwa ya tofar.
Sarauniya ta karɓa tana murmushi,
ta juya gefensa,
ta ga inda zarenta ya ƙare a damina
ta cike da shuɗi.

Ba ta yi kururuwa ba tukuna.
Wannan tukunan
shi ya tsayar da numfashin dutsen nan gaba ɗaya.

Na riƙe igiya ina jiran a ƙyafta.
Dorkiyon na rataye a duhu, ya shirya muryarsa.
Ba wanda ya waiwayo.
Babu abin da sama za ta ƙara,
kowane zare daga hannun sarkin ya fito,
kuma can ya koma.

Sai na tuna Mikon, ɗana,
da na tura ramin azurfa na Lauriyon
wata shida kacal, don mu fanshi gonar zaitun.
Ni ma niyyata ba ta da tabo.

Na yi kukan da na hana kaina shekara tara,
a kan ɗan wani, ɗan da ba a taɓa haifa ba.
Tausayi ya kama ni ta ƙirji, tsoro ta ƙeya,
suka matse ni kamar tsumma,
suka sake ni.

Jama'a suka watse a hankali,
kamar waɗanda zazzaɓi ya saki da gumi.
Na sauko da Dorkiyon ta baya, ba mai kallo,
ya cire fuskar yana tambayar ko za a biya shi.

An biya mu duka.
Na naɗe igiyar, a bushe take,
na bi ta gaɓa zuwa gida.
Fitila na ci.