Lemun Tsami a Bokitin Fenti

Kulu ta dasa lemun tsami a bokitin fenti,
shekara huɗu ke nan,
ta ce ba ta ba ƙasar haya saiwarsa.
Muka tashi daga Mabera, aka ɗauko shi.
Muka tashi daga Runjin Sambo, ya hau bayan a-kori-kura
yana kaɗa ganye kamar mai sallama da unguwa.

Ni ne Ladan, malamin lissafi,
wanda lissafi ya kayar a kan albasa.
Na ci bashi, na cika rudu uku a Wurno
ina jiran tsada,
zafi ya riga tsada isowa.
Ran da muka buɗe, ko ƙuda sai da ya ja da baya.

Ban gudu ba. A rubuta wannan.
Da ƙafata na je, aka zauna sulhu gaban alƙali,
aka yanka bashin gunduwa talatin da shida,
na sa hannu, shaidu biyu suka sa.
Tun ranar albashina da ɗingishi yake isowa gida,
kafin waya ta yi ƙara an riga an cire masa cinya.

Wata ashirin da biyar ban tsallake ko ɗaya ba,
har watan da Modi ya kwana tara a asibiti,
har watan da muka yi layya da ƙamshin maƙwabta.

Sai aka ce akwai gidaje a hanyar Kalambaina,
ɗaki biyu da falo, biya shekara ashirin.
Ran Talata na goge farar shaddata,
na zuba rasidai a leda, kowane da ƙusar kwanan wata,
na shiga banki, sanyin na'ura ya mare ni.

Wanda ke bayan tebur ya miƙe tsaye: "Malam!"
Sirajo ne, ɗan bencin baya,
wanda na koya wa ɗebewa da aro.
Ya buga sunana. Ya yi shiru.
Na ga jan layi a cikin gilashin idonsa
tun kafin ya juyo mini da allon.

Ya ce, "Malam, na'ura ba ta san mutumin kirki ba,
abin da ya rage kawai ta sani.
Albashin nan an ɗora masa kaya,
in muka ƙara, gwiwa zai kai ƙasa.
Ƙarasa sha ɗayan da suka saura,
karɓo takardar wankewa mai hatimi,
a ga wata shida asusunka na numfashi da kansa,
ka zo da mai tsaya maka, da abin kafin alƙalami."

Na ce, rasidan nan fa?
Ya karɓa da hannu biyu, ya jera su, ya ƙirga.
"Kada ko ɗaya ya ɓata. Su za su yi magana ranar."
Ya rako ni har bakin ƙofa,
bai san inda zai ajiye idonsa ba.

Ban nufi gida ba. Na hau kabu-kabu zuwa Kalambaina.
Rana na dukan kwano, ba kowa sai mai gadi.
Na zaɓi na ƙarshen layi, wanda bai da ƙyaure tukuna,
na auna tsakar gidan da taku: tara da rabi.
Na duƙa kamar mai gyaran takalmi,
na cika aljihu da ƙasa.

Da magariba na juye ta a gindin lemun.
Kulu na tankaɗe, ba ta ɗago ba.
"Mi sunka ce?"
Na ce, sha ɗaya a tara da shida.
Ta ce, "Kai ad da lissafi."
Sannan ta dubi bokitin, inda ya tsage,
wata farar saiwa ta leƙo tana neman hanya.

Ta ce, "To, gobe ka biya kasuwa.
A samo mashi rabin duro."